Tseren Keke Ta Ƙofar Surukai

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada zamanin En'e, wajen shekarar hamsin da biyar, in ya ce bai san Ubale Mai Usur ba, to a duba masa kunne. Ba sai an nuna maka shi ba, tun daga nesa za ka jiyo shi. Shekara uku ya yi yana masinja a wajen Turawan kuza a Riruwai, ya dawo gida da baƙin keke mai ƙararrawa biyu da usur na ƙarfe rataye a wuya, ga kuma bakin da ba ya mutuwa. A faɗarsa, ya taɓa yin tsere da motar kuza a gangaren dutse, har direban ya sauko ya ba shi hannu. In ranar ya sami masu sauraro da yawa, motar takan zama biyu.

Da aka gama girbi aka sayar da gyaɗa, masu ɗan hali suka sayi kekuna, sai Ubale ya tara su ya ce a kafa kulob irin na Turawa. Su bakwai suka yarda. Malam Adamu, malamin elementare, ya zama magatakarda, don shi kaɗai ne mai littafi da alƙalami. Kowace Lahadi, in hantsi ya ɗaga sanyi ya ɗan saki mutane, sai su jeru su tafi yawon ƙauyuka, su sha rake a bakin fadama, su juyo. Ubale ne kullum a gaba, yana busa usur ko da babu ko akuya a hanya. Can a wutsiya kuma Kyauta wanzami, wani gwauro marar hayaniya, da zabirarsa a kafaɗa da tsohon kekensa mai kuka ƙiiƙ-ƙiiƙ, wanda aka ɗaure wa birki da igiyar rama. Sau da yawa kafin ya iso an gama shan raken, sai ɓawo.

Wata Lahadi, suna zaune a bakin fadama, Idi tela ya tofar da tuƙar rake ya tambaya, wai shin wa ya naɗa Ubale shugaba ne? Ai kuwa kamar ya taka masa wuya. Ubale ya miƙe ya ce tunda abin ya kai ga haka, a yi tsere, kowa ya san matsayinsa. Nan take ya sa Malam Adamu ya buɗe littafi ya rubuta doka. Wanda ya zo na farko, usur nasa ne, gaba tasa ce. Wanda ya zo na ƙarshe kuwa, sunansa Jakin Kulob, shi zai riƙa ɗaukar famfunan iska da gorunan ruwa da duk tarkacen jama'a kowace Lahadi har ruwan damina ya sauka, kuma in an kira shi da sunan sai ya amsa. Yana faɗa yana kallon Kyauta ta wutsiyar ido. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa Idi ya ɗinka mangala irin ta jaki, daidai kariyar keke, ya je da kansa ya auna ta a keken Kyauta a gaban mutane.

Kyauta ya dube ta ya ce, "Ɗinkin ya yi kyau."

"Ka fara sabawa da ita tun yanzu," in ji Ubale. "Tunda ba ka da matar da za ka ɗauka, ka ɗauki kayanmu."

Saura hanya. Jama'a suka ce a bi ta wajen Kiru, ta fi laushi. Ubale ya ce sam, babu hanya sai ta Burumburum, ita ce ta maza. Abin da bai faɗa ba shi ne, a bakin hanyar nan gidan surukansa yake, kuma ya daɗe yana jin haushin yadda suke ɗaukarsa tsohon ɗan aike kawai. Malam Adamu ya bi dagatai da masu unguwanni ya nemi afuwa, cewa ranar tsere mahaya ba za su sauka gaisuwa ba kamar yadda aka saba, jinjina kawai za su yi daga kan sirdi. Aka ce ba komai, a yi wasa lafiya.

Ana jibi tsere, matarsa Tasalla ta tarar da shi a tsakar gida yana gwada gajeren wando na kaki da singileti. Ta ajiye tsintsiya.

"Malam, na ji wai ta ƙofar gidanmu za ku wuce."

"Ni na zaɓa. Na ma aika wa Baba da mai kawo nono, ya fito bakin hanya ya ga irin mijin da kika aura."

"To in ka tarar da shi a zaune fa?"

"Kafin ya ɗaga kai na kai Burumburum."

"Da wannan wandon?"

Ya ce mata haka Turawa ke yi, riga kama iska take, kuma maganar tsere ba ta mata ba ce. Tasalla ta ce haka ne. Washegari da mai nonon ta zo, ta ja ta gefe ta ƙara mata nata saƙon zuwa ga innarta, wanda ba ta ga dalilin gaya wa Ubale ba.

Ranar Lahadi aka wayi gari da sanyin da ya sa alwala ta zama jarrabawa. Malam Adamu, da yake shi ne alƙali, tun bayan asuba ya yi gaba don ya jira su a gindin tsamiyar da ke bakin Burumburum. Mahaya shida suka jeru a bakin kasuwa, biyar a cikin rigunansu, sun ɗaure bakin wando da zare, wasu har da mayafi. Na shida kuwa ga shi nan a singileti da gajeren wando da takalmin kambas, gwiwoyi sun yi furu-furu, haƙora na kaɗawa. Da aka tambaye shi ko sanyi ne, ya ce ƙarfi ne ke tafasa. Sarkin Kasuwa ya cilla hularsa sama, tana faɗowa suka zabura.

A faɗi gaskiya ko ba daɗi, Ubale ya iya keke. Kafin su bar gonakin bayan gari ya ba su rata, ya waiwaya bai hango kowa ba sai Idi can kamar ɗigo. Ya busa usur don jin daɗin kansa, ya fara shirya yadda zai ba da labarin a kasuwa.

Yana shan kwana sai ga hayaƙi a bakin hanya. Malam Jibrin ne, mahaifin Tasalla, zaune a kan buzu cikin tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta saƙi, da dattawa huɗu suna jin ɗumi, duk sun fito amsa gayyata. Ubale ya gyara zama, ya ɗaga hannu zai yi jinjina. Sai tsohon ya ɗago kai, suka haɗa ido. To, dagaci yana iya yafe maka gaisuwarsa, amma ba a haifi dagacin da zai yafe maka gaida surukinka ba. Hannun nan da ya ɗaga, shi ne ya koma ya matse birki ba da shawarar mai shi ba.

Ya sauka tun daga nesa yadda ya kamata, ya jingine keke, ya duƙa yana kwance igiyar kambas da ya yi wa ƙulli biyu da yatsun da suka sandare. Ya tako ƙasa mai sanyi ba takalmi, ya durƙusa. Abin da bai lura da shi ba a gida shi ne, gajeren wando in an durƙusa da shi ƙara gajarta yake. Ya ja singileti ƙasa, ta ƙi zuwa.

Aka shiga gaisuwa. An kwana lafiya, ya sanyi, ya iyali, ya aka ji da girbi. Ya gama da Malam Jibrin ya koma kan na kusa da shi, shi ma tun daga farko. Yana kan dattijo na biyu Idi ya wuce fuu, ya yi jinjina, dattawa suka amsa masa da fara'a. Yana kan na huɗu sauran ukun suka wuce a jere. Malam Jibrin dai gwiwoyin nan yake kallo.

"Ɓarayi ne suka tare ka a hanya?"

"A'a, Baba. Kayan tsere ne."

"Tsere. To, Allah ya rufa asiri."

Dattawa suka dubi juna suka kaɗa kai, don sun gane abin da yaron ke jin nauyin faɗa, wato talauci ya kai shi ga sayen rabin wando. Malam Jibrin ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa masa, ya ja mayafi ya lulluɓa, ya ce ya sa, bai kamata ya shiga wajen mata haka ba. Ubale bai ce zai shiga wajen mata ba, amma wa zai gaya wa? Ya zura riga, ta sauko masa har idon sawu, ya nufi cikin gida.

Inna Hauwa, surukarsa, mace ce mai kunya ƙwarai, ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba. Tana daga bayan zana ta amsa gaisuwa, sannan ta shiga yi wa turmi magana, wai a gaya masa yarinyar ta aiko tana son kabewa, ga ta nan. Kabewa ta leƙo ta saman zana, ƙatuwa kamar tulu. Wai a kuma gaya masa ga kaza, ta fara ƙwai, kada a jijjiga ta. Wai a gaya wa yarinyar ta rage gishiri. Ubale na durƙushe yana to, to, zuciyarsa kuwa tana can kan hanya tana kuka. Saƙon suruka ba a ce masa sai na dawo.

Yana ɗaure kabewa a kariya, kaza na reto a hannun keke, sai ya ji ƙiiƙ-ƙiiƙ. Kyauta ne ya iso, a natse kamar mai zuwa aski. Ya yi wa dattawa jinjina, ya dubi Ubale daga sama har ƙasa.

"Sannu da gudu, Mai Usur."

Ba a yi wa mutum baƙar magana a gaban suruki. Ba a kuma hawa keke a gabansa, saboda haka ya tura shi a ƙasa, a hankali, da ladabi, har sai da ya sha kwana. Usur dai ya tafi, wannan ya sani. Abin da ya rage shi ne mangala, kuma ya rantse a ransa ba za ta hau kekensa ba ko za a mutu.

Ya so ya tuɓe rigar, amma ina zai sa ta? Baya kabewa, gaba kaza, ga shi kuma, tsakani da Allah, rigar da ɗumi. Ya naɗe hannayenta a kafaɗa ya taka feda. Kafin a jima ya cim ma Kyauta, ya kaɗa ƙararrawa duka biyun.

"Gwauro, a gaida na baya."

"Za su ji," in ji Kyauta.

Bai yi nisa ba gefen rigar ya zame ya shiga sarƙa. Keke ya tsaya cak, Ubale bai tsaya ba, sai da ya sauka a kunyar dankalin wani bawan Allah. Kaza ta rama jijjigar da aka yi mata a bayan hannunsa. Yana zaune yana zaro saƙi daga haƙoran sarƙa zare-zare, ƙiiƙ-ƙiiƙ ta zo ta wuce, mai ita ya yi masa sannu da hutawa.

A nan ne dabara ta faɗo masa, irin dabarun da suka sa Turawan kuza ba su yi kukan rabuwa da shi ba. A gaba akwai rugar Kawu Ladan, ƙanen Inna Hauwa, wanda gaisuwarsa kaɗai takan ci rabin wuni. Ubale ya jawo wuyan rigar ya rufe kansa da fuskarsa, ya bar ido kawai, ya ce yanzu ya ga wanda zai gane shi. Ya hau ya sheƙa.

Shi dai ba a gane shi ba. Rigar aka gane, don shekara ashirin Malam Jibrin yana zuwa suna da jana'iza a cikinta. Matan da ke tafe da ƙoren nono suka sauke suka durƙusa suna barka da hantsi Malam, sannan suka bi shi da kallo baki buɗe. Kawu Ladan na tsaye cikin shanunsa ya hango mijin yayarsa, tsoho ɗan shekara saba'in, a kan dokin ƙarfe yana gudu kamar an biyo shi, da kaza tana fuka-fuki a gabansa. Ya yi salati, ya kora shanu suka tare hanya, ya ruga ya cafke kan keken da hannu biyu. Ya yaye rigar, sai ga Ubale.

Ladan ya saki keke, ya dubi rigar, ya dubi Ubale, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaushe aka yi rasuwar, har an raba gado ba a aiko mana ba?"

Kafin Ubale ya gama cire kambas, matar Ladan ta ɗora hannu a ka ta fara kuka, na cikin ruga suka kama mata. Sai da ya rantse sau uku cewa yanzun nan ya bar Malam da ransa yana jin ɗumi, sannan aka yi shiru. Daga nan aka koma gaisuwa, tunda ba a yi ta ba. Jam, jam, ya gida, ya sanyi, ya mai ɗakin, ya Malam ɗin da aka ce yana nan, jam. Don murnar ba a yi mutuwa ba, aka ciko gora da kindirmo aka toshe bakinta da ganye, aka rataya masa a ɗaya hannun keken, a kai wa Tasalla. Ya sake turawa a ƙasa har ya ɓace musu, wannan karon bai ko tsaya ɗaure igiyar takalmi ba.

Abin da Ubale ya yi daga rugar nan zuwa Burumburum, da a ce da wanda ya gani, da an yarda da labarin motar kuza, ko da guda ɗaya. Gora na dukan gwiwarsa ta dama, kaza na saran ta hagu, kabewa na tsalle a baya, shi kuwa gumi yake a cikin sanyin nan. Da ya hau tudun ƙarshe ya hango tsamiya, jama'a sun yi cincirindo, ga layin toka da Malam Adamu ya ja a ƙasa, ga Idi da sauran ukun zaune suna shan rake. Ga kuma abin da ya fi komai daɗin gani: Kyauta a ƙasa yana tura keke, tayar baya ta yi faci, saura masa kamar taku hamsin.

Ubale ya sa usur a baki ya busa, ya miƙe tsaye a kan feda. Jama'a suka ɗauki sowa. Taku talatin, taku ashirin, har yana jin warin man askin Kyauta. Sai ga jaki ya fito daga 'yar hanyar ƙafa da ta ratso fadama, ya tsaya a gefe, tsakanin Ubale da layin toka. A kansa Malam Jibrin ne cikin mayafi. An gayyace shi ya ga tsere, ya ga farkonsa, shi ne ya yanko ta gajeriyar hanya ya ga ƙarshensa. Ya hango surukinsa, ya ɗaga masa hannu.

Mai hankali zai zaɓi ɗaya, ko ya wuce ya sha kunya, ko ya tsaya ya sha mangala. Ubale ya ce duka zai haɗa, zai cire takalmi, ya sauka, ya gaida Baba, ya kuma tsallake layi, ba tare da keke ya tsaya ba. Ya saki hannu ɗaya ya fizge kambas na dama, ya ɗago ƙafa zai ƙetare sirdi, ya buɗe baki zai ce barka da isowa, ya manta da usur a ciki, gaisuwar ta fito fiiit. Daidai nan gorar da ta sha kaɗawa tun daga ruga ta tunkuɗo ganyen bakinta, kindirmo ya wanke masa fuska. Riga ta koma cikin sarƙa, inda ta saba. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya mirgino sau biyu, ya tsaya a gaban jakin Malam Jibrin a kan gwiwoyinsa, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Igiyar kariya ta tsinke. Kabewa ta gangara abinta ta tsallake layin toka. Kaza ta warware ta bi bayanta da gudu. Sannan Kyauta ya iso, ya yi wa Malam Jibrin sallama, ya tura kekensa ya haye.

Mutane suka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Wata mai tallar nono ta ɗauki gorar ta leƙa, ta ce wallahi har mai ya tashi, ita da za a ba ta aron mutumin nan ranar kaɗa nono da ta huta. Ubale dai sai da ya gama gaida surukinsa tsaf, ya amsa ya hanya, ya amsa ya aka baro su Ladan, sannan ya ja keke ya ɗingisa wajen alƙali, ya ce yana da ƙara. Kayansa sun riga Kyauta shiga, kuma a dokar Riruwai kayan mutum shi ne mutum.

Malam Adamu ya buɗe littafi ya karanta abin da Ubale ya yi masa shifta da bakinsa, cewa sai mahayi da kekensa sun haye. Ya ce amma tunda an kawo ƙara, zai rubuta kowa a matsayinsa don adalci. Ya rubuta kabewa ta biyar, kaza ta shida, Kyauta na bakwai. Haka aka yi mutum shida suka taso daga Tudun Wada, Ubale ya zo na takwas.

Idi ya zare usur daga wuyansa, ya goge kindirmon a gefen riga, ya busa. Aka kawo mangala aka ɗora a kariyar baƙin keken nan mai ƙararrawa biyu, ta zauna daram kamar da shi aka auna. Idi ya ce a matsayinsa na sabon shugaba, ya yarda da maganar Ubale, babu hanya sai ta Burumburum, ita za a riƙa bi kowace Lahadi har damina.

Malam Jibrin ya sauko daga jaki ya matso, ya tambayi abin da ake ciki. Malam Adamu, don ya rufa asiri, ya ce ai surukinsa aka ba muƙamin kula da kaya. Tsohon ya ji daɗi har ransa. Ya shafa mangalar, ya zura hannu ya ji zurfinta, ya ce dama ya san yaron nan mai ladabi ne, bai taɓa ganin wanda ya faɗo daga kan basukur don gaida shi ba sai yau. Rigar ma ya bar masa, tunda ta yage. Ya ƙara da cewa akwai dawa da dankali da ya daɗe yana son aika wa yarinyar, jakinsa ya tsufa, amma tunda Allah ya kawo wannan, kuma kowace Lahadi ta ƙofar gida za a wuce, sai a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan.

Ubale ya dubi mangala, ya dubi jama'a, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya cire ɗaya kambas ɗin da ya rage, ya durƙusa, kindirmo na ɗiga daga gemunsa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Bai miƙe ba ya ji an taɓa kafaɗarsa. Kyauta ne, ya sauke zabira yana sa ta a cikin mangala.

"Jakin Kulob."

Ubale ya saci kallon littafin Malam Adamu, ya saci kallon surukinsa, ya ce na'am.

"A tafi da ita a hankali," in ji Kyauta. "Akwai aska a ciki."